Muciya da Cokali Mai Aiki Biyar: Ma'aunin Kayan Girki a Addini da Falsafa

Kayan girki iri biyu ne suke zaune tare a yawancin manyan gidajen Nassarawa GRA a Kano. Akwai na gado, wato muciya da maburgi da mara da ludayi da koshiya da rariya, waɗanda masassaƙa da masu aikin duma suka daɗe suna kawowa kasuwar Kurmi. Akwai kuma na kanti, waɗanda ake shigo da su daga Sin da Turkiyya da Dubai, kuma a cikinsu babu wanda ya kai cokalin juyi yawan kamanni. Shi ne faffaɗan cokalin nan mai shimfiɗaɗɗen baki da ake juya wainar ƙwai ko kifi da shi a kasko, ko a share kwaɓin kek daga jikin kwano. Ana yin sa da ƙarfe da katako da roba da silikon. Wani an yi masa siffar kifi ko mage ko zuciya, wani kuma an rubuta a kwalinsa cewa shi kaɗai yana aikin abu biyar. Tambayar da yake tayarwa tsohuwa ce a wurin malaman fiƙihu da masana falsafa: da me ake gane kayan aiki na ƙwarai, kuma a ina mallakarsa take tashi daga biyan buƙata ta koma israfi?

Madafa biyu a gida ɗaya

Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Turawan mulki ba su zauna a cikin ganuwa ba. Sun yi mazauni a gabashin birni, a kewayen gidan sarki na Nassarawa da kuma Bompai, kuma daga nan unguwar da gwamnati ta keɓe wa manyan ma'aikatanta ta samo asali. A gidajen wancan zamani kicin yana baya ne, kusa da ɗakunan masu aiki, kuma kuku ne yake riƙe da shi. Abin da ake nema daga hannunsa shi ne burodi da kek da soyayyen ƙwai da gasasshen nama, abincin da muciya ba ta da ta cewa a cikinsa. Ta wannan ƙofa cokalin juyi da abin kaɗa ƙwai suka shigo unguwar.

Da aka sami mulkin kai a 1960, aka kuma ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai gidajen titin Sultan da na Alu da Lamido Crescent suka riƙa komawa hannun manyan ma'aikata 'yan ƙasa da attajirai. Su kuwa da tuwonsu da miyarsu suka tare. Shi ya sa babban gida a unguwar yakan kasance da madafa biyu: ta ciki mai gas da obin da durowoyi, inda ake abincin safe da na baƙi, da ta baya mai murhun gawayi ko itace, inda ake ɗora babbar tukunya ranar suna ko biki ko rabon abinci da azumi.

Yawaitar cokulan roba da na silikon ita ma da dalilinta. A 1938 Roy Plunkett, masanin sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, ya gano sinadarin da daga baya aka sa wa suna Teflon. Wani injiniya ɗan Faransa, Marc Grégoire, ya samo dabarar liƙa shi a jikin kaskon alminiyam a 1954, aka kafa kamfanin Tefal a 1956. Kaskon da abinci ba ya kamawa a cikinsa yana da rauni guda, wato ƙarfe yana kankare masa shafin. Dole aka nema masa cokali mai laushi. Aka yi na katako da na nailan, daga baya silikon ya yi kasuwa saboda yana jure zafin da ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Sabuwar tukunya ce ta jawo sabon cokali, kuma haka sayen abu ɗaya yake wajabta sayen na biyu.

Hujjar masu cewa aiki ɗaya

Aristotal, masanin falsafar Girka da ya mutu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya taɓo wannan mas'ala a farkon littafinsa na siyasa. Ya kawo misalin wata wuƙa da maƙeran garin Delfi suke yi domin ayyuka barkatai, ya ɗauki hakan a matsayin aikin ƙwauro. A ganinsa kayan aiki yana kai maƙurar kyau ne idan an yi shi domin aiki guda.

Kayan girkin Hausawa sun ba shi gaskiya ta fuskoki da dama. Muciya itace ne mai kauri da tsawo da nauyi. Mai tuƙa tuwon mutane da yawa takan yi talge ta bar shi ya dahu, sannan ta riƙa zuba gari tana jan muciya da hannu biyu, tana matse tuwon a jikin tukunya har gudaji su mutu. Cokalin silikon zai lanƙwashe tun a juyin farko, na ƙarfe mai siririn mariƙi kuma zai ci mata tafin hannu. Maburgi siriri ne mai 'yan yatsu a ƙasa, ana murza shi tsakanin tafuka biyu har kuka ta baje a cikin miya ba tare da ta dunƙule ba. Mara kuwa lanƙwasarta ce take ba malmala siffarta. Kowannensu idan aka ba shi aikin ɗan'uwansa sai ya gaza.

Aflatun, malamin Aristotal, ya ƙara wani abu a ƙarshen littafinsa na Jamhuriya. Ya ce a kan kowane abu akwai mutum uku: mai amfani da shi, da mai ƙera shi, da mai kwaikwayon siffarsa, kuma na farkon ne yake da sani na haƙiƙa, shi ya kamata maƙeri ya saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Siffar muciya ba mutum ɗaya ya zauna ya zana ta ba. Ta daidaitu ne a tsawon zamani, mata suna mayar wa masassaƙi da wadda ta cika gajarta ko ta cika kauri, yana gyarawa.

Hujjar masu cewa ayyuka da yawa

Malaman zuhudu sun dubi maganar ta wata fuska. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin kayan gida a babin zuhudu na Ihya'u Ulumiddin, ya kasa su mataki-mataki. A can ƙololuwa ya kawo labarin Annabi Isa (AS), wanda ba ya tafiya da komai sai mataji da kofi. Da ya ga wani yana taje gemu da yatsunsa sai ya yar da matajin, da ya ga wani yana shan ruwa da tafin hannunsa a kogi sai ya yar da kofin. Girkawa ma suna ba da makamancin wannan labari game da masanin falsafarsu Diyojinis. A matsakaicin mataki kuwa Gazali ya ajiye mutumin da yake da kaya masu lafiya daidai buƙata, amma yana amfani da abu ɗaya a wurare da yawa, kamar akushin da ake ci a ciki, a sha a ciki, a kuma yi ajiya a ciki. Ya ce magabata sun so wannan domin rage nauyi. Mataki na ƙarshe shi ne kowace buƙata da kayanta, amma na araha. Wanda ya wuce nan a yawa ko tsada ya fita daga zuhudu.

Alƙur'ani ma ya kawo misalin kayan aiki mai fuskoki da yawa. A Suratu Ɗaha, aya ta 17 da ta 18, da aka tambayi Annabi Musa (AS) abin da ke hannunsa na dama, ya ambaci sandarsa, ya faɗi cewa yana dogara a kanta, yana kaɗo wa dabbobinsa ganye da ita, kuma yana da wasu buƙatun a tare da ita.

Inda hujjojin biyu suka haɗu

Da farko sai a ga kamar Gazali ya goyi bayan cokali mai aiki biyar, Aristotal kuma ya ƙi shi. Amma yawan aiki iri biyu ne. Akwai wanda yake zuwa daga sauƙin siffa, akwai wanda yake zuwa daga ƙare-ƙare.

Sandar Annabi Musa (AS) ba a liƙa mata komai ba. Hannun mai ita ne yake sauya mata aiki. Haka ƙwarya take. Ana dama fura a cikinta, a yi awo da ita, a yi sheƙa, a ajiye gari, a kifa ta a ruwa a yi kiɗa, idan ta fashe kuma a fitar da mara daga ɓallinta. Babu aikin da yake tauye wani, domin siffar ba ta ɗaure kanta ga ko ɗaya ba.

Cokalin kanti mai aiki biyar ya bi hanya ta biyu. Gefensa ɗaya an yi masa haƙora domin yanka, tsakiyarsa huje-huje domin tsame suya, an ɗan zurfafa shi domin ɗiba, wani ma an haɗa masa ɗan'uwa da maɗauri ya zama abin kama nama. A wurin aiki sai haƙoran su yaga wainar ƙwan da ake son juyawa, hujin ya zubar da romon da ake son ɗiba, maiƙo kuma ya maƙale a maɗaurin inda soso ba ya kaiwa. Kowane aiki an yi shi rabi, domin taura biyu ba ta taunuwa. Tun a 1874 wani Ba'amurke, Samuel Francis, ya yi rajistar abin cin abinci da ya haɗa cokali da cokali mai yatsu da wuƙa. Shekaru fiye da 150 ke nan, bai kori ko ɗaya daga cikin ukun daga teburi ba. Ire-irensa sun sami gindin zama ne a jakar matafiya da sojoji da kwalayen abincin sayarwa.

Wannan ya nuna inda haɗe-haɗe yake da amfani: wurin da sarari ko nauyi ya matse, kamar jakar maniyyaci, ko akwatin ɗalibar makarantar kwana, ko ɗakin haya guda ɗaya. A kicin mai durowa goma wannan dalili ya faɗi. Manufar da Gazali ya yaba ita ce ragewa, saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Idan cokalin ya shigo ya fitar da biyar, ya yi abin da magabata suka so. Idan ya tarar da biyar ɗin ya zama na shida, sunan zuhudu kawai ya ara domin ya sayu.

Sabon abu da maganar bidi'a

Kasancewar abu sabo ba laifi ba ne a shari'a, kuma misalin da malamai suka fi kawowa a kan haka daga madafa ya fito. Bukhari ya ruwaito cewa an tambayi Sahlu ɗan Sa'adu (RA) ko suna da rariya a zamanin Manzon Allah (SAW), ya ce babu. Sukan niƙa sha'ir ne su hura, abin da zai tashi ya tashi, su kwaɓa sauran. Rariya bayan nan ta shigo gidajen Musulmi. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira da ya rasu a 1285, ya kasa bidi'a gida biyar a littafinsa Alfuruƙ, ya sanya rariyar gari a cikin wadda ta halatta. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, bai yarda da wannan kason ba a littafinsa Al'i'itisam. A wurinsa rariya ba ta shiga babin bidi'a tun farko, domin al'ada ce ta rayuwa, ba ibada ba. Sun saɓa a suna, sun haɗu a hukunci.

Hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito yana ƙarfafa wannan, inda Manzon Allah (SAW) ya bar wa mutane sanin al'amuran duniyarsu. Rariya wadda yau ake lissafa ta cikin kayan gado, wata rana baƙuwa ce. Ke nan tsufan muciya ba shi ne falalarta ba, sabuntar silikon kuma ba aibi ba ce, kamar yadda ba abin yabo ba ce.

Ado da iyakokinsa

Ƙawata kayan girki ma ba baƙon abu ba ne. Hausawa sun daɗe suna zana ƙwarya da ludayi da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, suna yi wa akushi baƙi da zane. Aya ta 32 ta Suratul A'arafi ta yi inkarin haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Launi mai kyau ko mariƙi mai fure ba su da matsala. Iyakokin da fiƙihu ya gindaya biyu ne.

Ta farko ita ce zinare da azurfa. Hadisin Huzaifa (RA) a Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a cikin mazubansu. Mukhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya faɗaɗa hanin har zuwa ajiye su, ga maza da mata baki ɗaya, ya kuma ambaci saɓani game da wanda aka shafa wa zinare ko azurfa a sama kawai. Saitin cokulan nan masu ruwan gwal da amare suke so, galibinsu baƙin ƙarfe ne ko ƙarfe marar tsatsa da aka yi wa launi, don haka hanin bai hau kansu ba muddin babu zinare na gaske a jiki.

Ta biyu ita ce siffar mai rai. Malaman Malikiyya na baya, irin su Shehu Dardir, sun ce haramcin yana kan siffar mutum ko dabba wadda take da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika. Zanen da yake shimfiɗe makaruhi ne, idan kuma yana jikin abin da ake wulaƙantawa da amfani, barinsa ne kawai ya fi. Sun keɓe 'yar tsanar yara mata saboda abin da aka ruwaito game da Nana A'isha (RA). A bisa wannan, cokalin da aka buga hoton kifi a fuskarsa hukuncinsa daban da wanda aka ƙera mariƙinsa da cikakkiyar siffar mage. Siffar ganye ko tauraro ko zuciya ba ta cikin maganar.

Israfi da kayan ɗaki

Inda mas'alar ta fi nauyi shi ne yawa. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha ta hana israfi, aya ta 26 da ta 27 na Suratul Isra'i sun tsananta a kan almubazzarai, aya ta 67 ta Suratul Furƙani kuma ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Babu inda aka yanke adadi. Shi ya sa malamai suke cewa israfi yana bin halin mutum: abin da ya zama daidai a gidan da ake ciyar da mutum hamsin, ɓarna ne a gidan mutum biyu.

Shaɗibi a Almuwafaƙat ya kasa maslaha gida uku: larura, da buƙata, da kyautatawa. Tukunya da abin juya ta suna kusa da larura. Cokali mai laushi ga mai kaskon Teflon buƙata ne, domin rashinsa yana lalata dukiya. Abin yanka ƙwai ya fito da siffar fure kyautatawa ne. Duka ukun halal ne, amma ƙa'idar ita ce na ƙasa ba ya cinye na sama. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura a Muƙaddima cewa idan birni ya bunƙasa sana'o'i sukan tashi daga larura su koma ƙawa, ƙawar kuma idan aka saba da ita sai ta koma kamar larura.

A Kano wannan ya fi bayyana a kayan ɗakin amarya. Jere ya tashi daga ƙorai zuwa tasoshi, daga nan zuwa kwanonin langa da tangaran, yau kuma kicin ne ake buɗe wa 'yan ganin ɗaki. Abin da aka gani a gidan bikin Nassarawa GRA shi ake nema a kasuwar Sabon Gari da ta Wambai, ko da na araha ne mai kama da shi, kuma uban da ba shi da ƙarfi yakan ci bashi don kada a raina 'yarsa. A mazhabar Malikiyya abin da ya hau kan mace shi ne ta yi kayan ɗaki da sadakin da ta karɓa gwargwadon al'ada. Abin da ya ɗaru a kan haka kyautatawa ce ta iyaye. Saitin cokali goma sha biyu da ake rataye shi a bango ba a taɓa sa shi a tukunya ba ya tashi daga kayan girki ya koma shaidar arziki. Mai wadata yana iya saye ba tare da ya yi haram ba, amma yana ɗaga ma'aunin da za a auna maƙwabcin da ba shi da ita.

Alhakin maƙeri da mai sayarwa

Nauyin ba a kan mai saye kaɗai yake ba. A 1990 wani Ba'amurke, Sam Farber, ya fito da kayan kicin na OXO bayan ya ga matarsa mai ciwon gaɓoɓi tana shan wuya da abin fere mai siririn mariƙi. Ya yi masa mariƙi mai kauri da laushi, sai ya zama masu lafiyar hannu ma sun fi jin daɗinsa. A shekarar kuma kamfanin Alessi na Italiya ya fitar da abin matse lemon tsami mai dogayen ƙafafu uku da Philippe Starck ya zana, wanda ya fi shahara a matsayin abin ado, har daga baya aka yi na ruwan zinare wanda tsamin lemo yake ɓata shafinsa. Na farkon ya saurari mai amfani kamar yadda Aflatun ya ce. Na biyun ido ya yi wa aiki, kuma babu laifi a hakan idan an sayar da shi da sunan ado.

Laifin yana shigowa ne idan aka ɓoye gaskiya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi da rashin fito da jiƙaƙƙen sama, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. Roba mai narkewa da aka rubuta wa cewa silikon ce, ko kwalin da ya yi alƙawarin aiki biyar alhali biyu ne suke yiwuwa, suna ƙarƙashin wannan hukunci, kuma fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikinsu.

Akwai kuma tsawon rai da gyaruwa. Anas (RA) ya ruwaito cewa kofin Manzon Allah (SAW) ya tsage aka ɗaure tsagar da azurfa, aka ci gaba da amfani da shi. Gyartai yana ɗinke ƙwarya, muciyar da ta tsage takan ƙare a murhu, cokalin alminiyam yana komawa wurin masu narka ya fito tukunya. Cokalin da aka haɗa da roba da silikon da ƙarfe a jiki ɗaya kuwa, da zarar maɗaurinsa ya karye babu mai gyara shi, kuma raba sassansa domin sake sarrafawa ya fi ƙarfin kuɗinsa, don haka bola ko magudanar ruwa ce makomarsa. Yawan ƙare-ƙare yana ƙara wuraren karyewa, kuma karyewar aiki ɗaya takan tafi da sauran huɗun. Maƙerin da ya san haka tun a wurin zane yana da rabo a cikin ɓarnar, kamar yadda yake da lada idan ya yi abin da zai daɗe yana aiki.